Allon Makullan Pokorny

A garin Wendling ba a kulle ƙofa. Haka mutanen garin suke faɗa wa baƙi cikin alfahari, kuma kamar yawancin abin da ake faɗa wa baƙi, rabinsa gaskiya ne. Ana kullewa idan za a kwanta asibiti, ana kullewa idan tsofaffi za su gudu kudu su bar wa matasa sanyin hunturu, ana kuma kullewa idan an yi faɗa da suruki. Da yake hannu bai saba ba, duk wanda ya kulle sai ya yar da makullin. Shi ya sa shekara casa'in da biyu ke nan kowane gida mai hankali yake da makulli na biyu rataye a shagon Pokorny, a jikin wani allon katako da ke bayan teburin ciniki, tsakanin durowoyin ƙusa da gwangwanayen fenti.

A saman ƙofar shagon an rubuta "Pokorny da Ɗansa". Pokorny ɗin ya rasu tun talabijin ba ta da launi. Ɗan kuwa, Orval, shekararsa saba'in da tara, babu gashi ko ɗaya a kansa, kuma shi bai haifi ɗa ba sai 'ya guda, Janis, wadda take cire wa mutane haƙora a wani birni na bakin teku, tana bugo waya ran Lahadi. Saboda haka da wata mata mai suna Marisol Quintero, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a kamfanin nama na bayan gari tana tara abin hannunta, ta ce tana son ginin ta buɗe gidan burodi, Arlys matar Orval ba ta ja ciniki ba. Aka sa ranar Juma'a za a miƙa shago. Kayan ciki mai gwanjo zai kwashe. Makullan ne kawai ba na sayarwa ba, don amana ce, kuma guda ɗari da arba'in da uku ne. Arlys ta ƙirga su sau biyu ran Litinin da safe, ko Allah zai sa su ragu.

Matsalar ita ce babu suna a jikin ko ɗaya. Tsoho Pokorny mutum ne mai zargin kowa har da inuwarsa, ya ce makulli mai ɗauke da sunan mai gida ai katin gayyata ne ga ɓarawo. Don haka a ɗan kwalin da ake ɗaura wa kowane makulli ba a rubuta wanda ke zaune a gidan, sai sana'ar da aka taɓa yi a wurin tun da can, ko sana'ar wanda ya fara zama a ciki. "Mai ƙwai." "Bayan maƙera." "Gidan ƙanƙara." "Mai gyaran agogo, na biyu." Ya ce ɓarawon da zai iya karanta wannan dole ɗan gari ne, ɗan gari kuwa ya san babu abin sata. Ɗansa ya gaji tsarin bai sauya ko ɗigo ba. Mutum zai shigo yana sosa ƙeya, kafin ya buɗe baki Orval ya miƙa hannu baya ko waiwaye babu, ya ciro makullinsa ya ajiye masa a tebur. Ba a biyan komai, illa a tsaya a sha zolaya. Kuma tun da aka kafa allon ba a taɓa cewa makulli ya ɓata a hannun Pokorny ba. Wasu suna da gonakin masara iya ganin ido, wasu an rubuta sunan kakansu a tagar coci. Shi Orval wannan ne abin da yake da shi.

Shekara biyu ke nan ana ɗibar kan Orval kamar yadda ake ɗibar rumbu, daga sama: abin da aka zuba jiya shi ke fara tafiya. Ya soma da sa butar shayi a firji. Daga nan ya kira Janis da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Arlys ta kai shi wurin likita a birni, tafiyar mil sittin, don matar likitan Wendling tana cikin mawaƙan coci, kuma abin da mawaƙan coci suka sani ya riga ya zama waƙa. Likitan birnin ya faɗi sunan ciwon, ya ba ta takardu masu hotunan tsofaffi suna murmushi. Ta dawo ta zuba su a murhu, ta bar hidimar gida, ta koma tsayuwa a shago kusa da mijinta. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga murya ta gaishe shi da cikakken sunansa, ta tambayi matarsa da sunanta, ta tambayi karensa, don Orval ya tsinta ya ɗora. Ta tabbata babu wanda ya gane. Yanzu kwana biyar suka rage mata ta fitar da shi daga shagon nan asirinsa a rufe, kowane makulli a hannun mai shi, a ce Pokorny ya rufe don ya gaji, ba don ya rikice ba.

Hanya mai sauƙi tana nan: a liƙa takarda a ƙofa, kowa ya zo da nasa makullin a gwada da na allo. Amma wannan ba shi da bambanci da hawa mumbarin coci a sanar. Mutumin da ya shekara sittin yana miƙa hannu baya ba ya dubawa, ranar da aka ga matarsa tana gwada makulli da makulli kamar mai tsintar wake, magana ta ƙare.

Tana cikin wannan tunani Delbert Haugen ya shigo, ƙarfe takwas daidai kamar kullum. Shi ne tsohon mai askin garin, ya rufe nasa shagon da abokan cinikinsa suka ƙare, wasu ta hanyar maƙabarta, wasu ta hanyar sanƙo.

"Barka da asuba, Delbert Haugen," in ji Arlys da ƙarfi. "Ya ƙafar taka? Ya matarka Norma?"

"Ƙafa tana nan, Norma ma tana nan, duka biyun ba sa bari in yi barci." Ya juya wajen Orval. "Kai tsoho, an ce za ka yi ritaya. Daga wane aikin?"

"Daga kallon fuskarka," in ji Orval. "Kai ka yi ta aske mini gashi shekara arba'in har ya yi zuciya ya daina fitowa."

Wannan musayar tana can ƙasan rumbu, don haka Orval bai taɓa kuskurenta ba. Delbert ya zuba wa kansa gahawa daga tukunyar da ke kan murhu, ya ce a auna masa ƙusa rabin laba, kamar yadda yake yi kusan kowace safiya. Orval ya ɗebo ya zuba a sikeli, ya cire biyu, ya mayar da ɗaya, allurar ta tsaya cak. Arlys ta sha mamakin abin da mutumin da bai iya riƙe guduma ba yake yi da ƙusa haka, amma ciniki ciniki ne.

Da shagon ya yi shiru ta ciro makulli ɗaya daga allon, ta karanta kwalin a fili, ba don tana tambayar kowa ba. "Mai huluna."

"Misis Aune," in ji Orval daga inda yake jera noti, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce kusurwar Titi na Uku, gida mai koren ƙofa. Tana ɗinka wa mata hulunan zuwa coci masu gashin tsuntsu, ta rufe a shekarar da aka yi ambaliya, don mata sun soma zuwa ibada kai a buɗe kuma sama ba ta faɗo ba. Ya ce tana da aku mai zagi da yaren Norway.

Arlys ta tsaya da makullin a hannu. Misis Aune ta mutu kafin ita ta zo garin. Amma kusurwar Titi na Uku ta san ta sarai: malamin lissafi na sakandare ne a ciki, da matarsa da tagwayensu. Ta ciro wani. "Gidan ƙanƙara." Ya faɗi wurin, ya haɗa da sunan dokin da ke jan keken ƙanƙarar. Ta ciro na uku, ta ciro na huɗu. Garin da ya mutu yana nan a kansa cif, titi-titi, ƙofa-ƙofa. Garin da ke raye kuwa yana a nata kan. Shekara hamsin da huɗu da aure, sai yau ta ga ranar miji da mata su san abu daban-daban.

Ta juya kwalin ƙofa ya koma "an rufe", ta juye makullan a kwandon ƙwai, ta sa mijinta a akori-kura. Duk wanda ya buɗe musu ƙofa sai ta ce masa Orval ne ya kafe sai ya kawo da kansa, ai ka san halinsa.

Kwana huɗu suna zagaye. Watan Oktoba ne, ana girbi, manyan motoci sun yi layi a bakin dogon rumbun hatsi na tasha. Ita tana tuƙi, shi yana nuni da yatsa. Abin da ya rage a Babban Titin Wendling bai cika yatsun hannu ɗaya ba in an cire nasu shagon: banki, ofishin inshora, mashaya wadda ita ba ta taɓa jin labarin karayar tattalin arziki ba, sai shagon tsofaffin kaya, inda ake sayar da allunan shagunan da suka mutu da tsadar da ba su taɓa gani ba suna raye. Sauran duk gilashi ne da saƙar gizo-gizo, tun da aka buɗe katafaren kantin nan na bakin babbar hanya, inda mutanen Wendling suke zuwa ran Asabar su sayi komai da araha, su dawo ran Lahadi su yi jimamin mutuwar gari.

A idon Orval kuwa titin cike yake. Ga kantin 'yan'uwa Ziegler, waɗanda suka shekara talatin a bayan tebur ɗaya ba sa yi wa juna magana sai ta bakin mai saye. Ga silima, inda a shekarun fatara ake shiga da ƙwai biyu ran Talata. Ga mai takalma da ke ƙara wa kowa faɗin yatsa guda saboda girma, ko da mutum ya haura hamsin, har gari ya cika da masu jan ƙafa. Ga gidan madara, inda manoma ke kawo gwangwanaye da sassafe su koma da man shanu da tsegumi. Yana faɗa kamar mai ganinsu tsaye a bakin ƙofa, wani lokacin har ya ɗaga hannu ya gai da fili.

Wuri ɗaya ne ta riga shi magana, wato filin ajiye motoci na banki. Nan kemis ɗin Brekke yake a da, kuma a samansa ta kama ɗaki da ta zo garin tana 'yar shekara ashirin da ɗaya, sunanta Arlys Fjelstad, tana haɗa wa mutane waya a ofishin tarho. Ta je shagon Pokorny a yanka mata makulli na biyu, ɗan mai shago ya yanka, ta kai gida ya ƙi buɗewa. Ta koma ya sake, ya ƙi. Ta koma karo na uku ranta a ɓace, nan ma ya ƙi. A na huɗu ya ɗauko magagari ya biyo ta har bakin ƙofa ya gyara a gabanta, matar Brekke ta ba shi gahawa tana harararsa, bayan wata goma aka ɗaura aure. Babu bikin da aka yi a Wendling tun daga lokacin da Arlys ba ta ba da labarin nan ba, kullum tana rufewa da cewa don tausayi ta aure shi, ta ga in ba a taimake shi ba yunwa za ta kashe shi da wannan hannun. Yau ma ta maimaita masa a mota. Ya saurara cikin ladabi yana kallon gaba.

Kowane gida kuma sai an ba su wani abu, don a Wendling alherin da ba a rama ba nauyi ne a wuya. Wannan ta ba da kek, waccan kwalbar kokwamba mai tsami, wata tukunyar dankali da nama tana tururi. Kafin Laraba akori-kurar ta fi yadda ta fito nauyi.

Sau ɗaya kawai gaban Arlys ya faɗi. A gidan da kwalinsa ke cewa "Mai haƙa rijiya", Verna Stoltz ce ta buɗe, hannunta duk fulawa. Kafin Arlys ta gama jero sunaye, Orval ya cire hula ya ce, "Ina Harold? Ki ce masa famfon da ya sa a kawo ya iso." Harold, mijin Verna, ya shekara shida a ƙasa, kuma Orval yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa.

Verna ta goge hannu a jikin rigarta, ko kallon Arlys ba ta yi ba. "Yana nan inda ka san shi, Orval, a kwance. Ka san shi da son jiki. Zan gaya masa."

Da suka koma mota Arlys ta gode wa Allah da ya yi Verna da ƙarancin lura.

Ran Alhamis da la'asar makulli ɗaya ya rage a kwandon. Ƙarami ne na tagulla, tsohon yayi, babu alamar an taɓa zura shi a ƙofa. Rubutun kwalin na Orval ne, amma na ƙuruciya, miƙaƙƙe ba rawa: "Saman mai sirdi." Ta karanta masa. Ya hau gyara hularsa. Ta sake karantawa a hankali. Ya karɓi makullin ya jujjuya shi, kunnuwansa suka yi ja, ya miƙo mata, ya kau da kai wajen taga ya ce shi yunwa yake ji.

Arlys ta riƙe sitiyari da hannu biyu ko da yake motar a tsaye take. A ranta ta ce to, ɗibar ta kai ƙasa ke nan. Ba ta da wanda za ta tambaya, don tambayar ita ce tonon asirin. Ta ajiye shi a gida ta leƙa ɗakin karatu ta duba littafin tarihin garin, wanda aka buga da Wendling ta cika shekara ɗari. Akwai hoton kowane fasto da kowane bijimin da ya taɓa cin gasa, amma babu mai sirdi. A kan gada ta rage gudu, ta yi tunanin jefa makullin a ruwa, ta kasa. Ta sa shi a aljihun kwat ɗinta, ta shirya ƙaryar da za ta yi in ta kama: mai shi ya bar gari.

Ran Juma'a da safe shagon ya tara mutanen da ya shekara goma bai gani a lokaci ɗaya ba, wato kamar goma sha biyu. Verna ta zo da kek, Delbert ya kama kujerarsa ta bakin murhu, Marisol ta shigo da faranti cike da burodi mai sikari a kai, tana tafiya a hankali kamar mai shiga gidan makoki da kayan biki. Arlys ta rataye kwat ɗinta ta shiga baya ɗauko kofuna. Da ta fito sai ta ga makullin tagullar yana lilo a tsakiyar allon, shi kaɗai a cikin ƙusoshi ɗari da arba'in da uku. Hannun Orval ya laluba aljihunta ya yi aikin da ya saba.

"Kai tsoho, ga guda ya yi maka saura," in ji Delbert. "Shekara casa'in da biyu, sai ranar ƙarshe za a kayar da Pokorny?"

Zolayar ta riga hankalinsa fita. Yana rufe baki ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, shagon ya yi tsit. Don ya cike gurbin sai ya tashi ya ɗingisa ya karanta kwalin, ya ce mai sirdi kam ya ji labarinsa a bakin babansa, ai shi ne wanda Brekke ya sayi gininsa ya mai da shi kemis.

Arlys ta riga ta buɗe baki za ta ce mai shi ya bar gari. Sai ta tuna saman kemis ɗin Brekke ɗakinta ne na da.

Orval ya miƙa hannu baya bai waiwaya ba, ya ciro makullin. Ya zagayo teburin, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya tsaya gabanta kunnuwansa jajur kamar jiya.

"Mis Fjelstad," ya ce, "ina da laifi a wurinki. Wannan shi na fara yankawa, kuma daidai yake. Ɓoye shi na yi. Sauran ukun da gangan na ɓata su, don ki dawo." Ya waiga wajen ƙofar baya, ya rage murya. "Don Allah kada Baba ya ji. Tagulla uku na lalata masa."

Ta dubi makullin a tafin hannunsa. Hannun ya tsufa, ya yi tabo-tabo, amma ba ya rawa. Ta karɓa.

"To, Mista Pokorny, na karɓa," ta ce. "Babanka ba zai ji a bakina ba."

Ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa buhu, ya mayar da hularsa, ya koma wajen sikeli yana goge shi. Allon ya zama fayau. Ba a kayar da Pokorny ba, amma a gaban mutum goma sha biyu ya kira matarsa da sunan gidansu, ya kuma ji tsoron uban da ya shekara hamsin a kabari. Arlys ta ɗago a hankali tana jiran ta ga abin da ta shekara biyu tana gudu, wato mamaki da tausayi. Ba ta ga ko ɗaya ba. Verna tana yanka kek. Wani yana duba tsinin takalminsa. Babu fuskar da ta nuna ta ji sabon abu.

Delbert ya matso kusa da ita da kofinsa. "Arlys, shekara biyu kina kwaɗa mini sunana kowace safiya kamar mai gwanjo. Na san sunana."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ya ba ni canji sau biyu, na mayar, ya sake ba ni." Ya kurɓi gahawa. "Ƙusar da ke garejina ta isa gina coci. Norma ta ce ko ni ko ita ƙusar. Amma awo shi ne abin da hannunsa bai manta ba, to sai a bar shi ya auna."

Ta tambaye shi me ya hana su magana. Ya dube ta da mamaki na gaske, karo na farko da ta ga mamaki a shagon ranar, ya ce ai ba ta tambaya ba. A Wendling wannan cikakkiyar amsa ce. Gari guda ya shekara biyu yana taya ta ɓoye abin da kowa ya sani, ita kuma tana ɓoye musu, kowa yana lallaɓa kowa, ba don komai ba sai don kada a sa wani ya ji kunya.

Da aka zo miƙa makullan shagon, Marisol ta ce tana da roƙo: allon nan, in ba damuwa, a bar mata shi kada mai gwanjo ya ɗauka. Ta ce tun Laraba mutum tara suka tare ta a hanya suna tambaya ko za ta riƙe musu makulli, don ba su san inda za su ajiye abin da Pokorny ya dawo musu da shi ba, biyu ma har sun yar.

Gidan Pokorny bai taɓa rataye nasa makullin a allon ba. Mai ajiye wa mutane ba ya ba da ajiya, haka suka ɗauka. Arlys ta tuna wata safiya a watan jiya da ta fita zubar da shara, Orval ya kulle ƙofa ta ciki ya tsaya yana kallonta ta gilashi cikin ladabi, yana jiran ta faɗi abin da take sayarwa. Ta yi minti arba'in a cikin sanyi da silifas, ga gidajen maƙwabta hagu da dama, ba ta ƙwanƙwasa ko ɗaya ba. Yanzu sai ta buɗe jakarta ta ciro zoben makullanta. Na gidansu biyu ne a jiki, nata da na Orval wanda ta karɓe a ɓoye tun bara. Ta zare ɗaya ta ajiye a tebur.

"Wani lokaci yakan kulle ni a waje," ta ce, ba ta rage murya ba. "Wani lokaci kuma yakan fita neman shagon da babu shi. In kun gan shi a hanya..."

"Mun sha ganinsa," in ji Verna tana miƙa mata kek. "Rakiya muke masa, mu ce hanyarmu ɗaya."

Marisol ta ɗauko sabon kwali da biro daga durowa. "Me zan rubuta, Mama? Pokorny?"

"A'a, 'yata, ba a rubuta suna." Arlys ta juya wajen sikeli. "Mista Pokorny, gidan nan mai farin shinge na ƙarshen Titin Tasha, me ke wurin a da?"

"Mai zuma," in ji Orval nan take. "Tsoho Tvedt. Amya goma sha biyu, kuma zumarsa rabinta sikari ce."

Marisol ta rubuta "Mai zuma", ta ɗaura zaren, ta rataye shi a ƙusa ta farko. Orval ya zo wucewa, ya miƙa hannu ya juya kwalin rubutun ya fuskanci katako, yadda ake yi.

Arlys kuwa ta zura ƙaramin makullin tagullar a zobenta, a gurbin wanda ta cire. Ƙofarsa ta shekara talatin da rushewa, motocin ma'aikatan banki ne ke kwana a wurin. Ta shafa haƙoransa da babban yatsa, sumul, babu ƙaya ko ɗaya, yankan gwani. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne labarin da ta shekara hamsin da huɗu tana bayarwa a gidan biki ya tashi ƙarya, ga shi kuma a Wendling yanzu an fi yin jana'iza. Ta ce wa mijinta ya ɗauki kwandon ƙwai su tafi, akwai kek bakwai a gida suna jiran mai ci.